Rabin Albasa a Leda

Ni fa ban roƙi a aike ni ba. Ina kwance ina latsa waya Inna ta ce in tashi in yo cefane, su Kawu na hanya daga Kumbashi, su shida.

Na ce, "Inna, an wuce zamanin shan rana a kasuwa. Akwai wata mai aiko kayan girki har gida, komai a aune." Na danna kwalin iyali a waya, na miƙe ƙafa kamar ciyaman.

Ɗan kabu-kabu ya iso tare da baƙin. A gabansu na buɗe kwalin, har da bisimilla. Shinkafa gwangwani biyu, tumatir uku, gishiri a ƙulle kamar maganin asibiti, sai rabin albasa a leda. Ko gyara babu.

Inna ta ja mayafi ta shiga maƙwabta neman garin tuwo.

Na dake. "Kawu, haka Turawa ke yi, ba a ɓarna."

Kawu, mai loda albasa buhu-buhu, ya ɗaga ledar sama. "To Bature, wa ya cinye ɗaya rabin?"

Har yau in na ratsa kasuwa, masu kayan miya tambayar da suke min ke nan.