Yadda Malam Cindo Ya Ci Ɗakin Ƙanƙara da Yaƙi

A wani dare na ƙarshen Rajab, a Unguwar Magarya ta garin Malumfashi, aka ji wani dogon nishi ya ratsa katangu, bai cika na mutum ba, bai kuma cika na dabba ba. Wasu suka ce mujiya ce, wasu suka ce ragon Sallau mai shayi ne ya yi ɓarnar wake. Amma wanda ya ji shi da kunnen basira shi ne Malam Cindo mai yatsa shida, ɗan Barau, ɗan Jatau Mai Tandu, ɗan Gagarau wanda ya bi jaki tun daga Bakori har Funtuwa kafin ya gane ba nasa ba ne. Zuriya ce da tarihi bai taɓa ganin ta ja da baya ba, domin ba a taɓa kiran ta gaba ba. Cindo ya tashi zaune bisa tabarma, ya ce, "Garin nan cike yake da damuwa, kuma babu mai saurare."

Ba da ka ya faɗi haka ba. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana masinja a wani asibiti, inda akwai wata jami'a mai ba da shawara, kuma duk lokacin da ya tura ƙofarta da kafaɗa ya shigar da shayi, yakan tarar da ita zaune shiru tana gyaɗa kai, mutum na zazzage mata cikinsa, daga baya ya fito sakayau kamar an sauke masa buhun gishiri. Nan Cindo ya sami dukkan iliminsa: ba a tambaya, ba a katsewa, sai dai a ce "Uhm."

Runduna kuwa ba ta fita sai da sansani, kuma sansani ɗaya ne a gidan, wato ɗakin ƙofar gida mai fuskantar titi, inda uwargidansa Hajiya Tasalla, garkuwar gida, mai makullan da ba sa ɓata, ke ajiye firizarta ta sayar da ƙanƙara. Bayan doguwar mujadala aka ƙulla sulhu.

Ta ce, "Malam, na ba ka aro. In mutum ɗaya tak ya faɗi damuwarsa a cikin ɗakin nan kafin a ga watan azumi, ɗaki ya zama naka. In babu, firizata ta koma, ka san azumin bana da zafi zai zo."

Aka ja firiza zuwa tsakar gida tana kuka a kan siminti, Cindo ya shiga ɗakin da ƙafar dama, ya kafa kujeru biyu da buta.

Sai batun tuta. Ya kai wa mai zanen manyan motoci falle guda na kwano, ya ce a zana abin da zai kwantar da hankali. Mai zane bai iya komai ba sai zaki, don haka aka kafa allo mai zaki ya buɗe baki yana haɗiye maciji, a ƙasa an rubuta ƊAKIN SAURARO, ASIRINKA A RUFE. Ranar kasuwa kuma Cindo, Sadaukin Magarya, ci-gari da shiru, bangon jingina masu kuka, ya ɗora lasifika a baro, ya keta layin 'yan gwari da na mahauta yana shela, "Kowa ya zo da kukansa! Kowa ya zo da kukansa!" har awaki suka watse, wata tsohuwa ta tambaya ko rigakafi ake yi.

Jama'a fa suka zo, kuma a nan ne babbar waƙi'ar ta auku, domin kowa da shawara ya zo, babu mai neman ta. Wannan ya ce a sauya wa zaki launi, wancan ya ce a haɗa da sayar da katin waya, limamin unguwa ya ce da ya tuntuɓe shi tun farko. Masu damuwa na gaskiya kuwa sukan doso ƙofar, su hangi majalisar Sallau mai shayi da ke daura da ita, idanu jere a kan benci, sai su wuce kamar masallaci za su. Sha'aban ya yi ta sirancewa. Hajiya ta fara wanke robobinta inda zai gani.

Ana jajiberin duban wata, bayan la'asar, sai ga Mati mai faci, dattijo mai hannu kamar tsohuwar taya, ya ratsa idanun majalisa, ya yi sallama, ya shiga, ya zauna. Zuciyar Cindo ta buga tambari. Suka gaisa: gida, iyali, zafi, gajiya, aka koma kan gida. Sannan Cindo ya zare takobinsa, wato shiru.

Kaico! Ba a taɓa gwabza irin wannan ba tun da aka kafa garin. Tambaya ta taso masa har maƙogwaro, "Lafiya dai, Mati?", ya danne ta kamar mai danne ɗan maraƙi. Mati kuma, ɗan mutunci, ba zai faɗi abin da ya kawo shi gidan mutum ba alhali ba a tambaye shi ba. Ya dubi buta. Cindo ya gyaɗa kai ya ce, "Uhm." Mati ya ce, "Uhm." Gumi ya jiƙa hula biyu. Can Mati ya dafa gwiwa ya ce, "To, dama gaisuwa ce."

Baƙo kuwa ba ya fita babu rakiya. Cindo ya bi shi, suka ƙetare dokin ƙofa, suka taka titi, kuma a nan, inda kowane Bahaushe ke kwance bakin jakarsa, daidai gaban benci, Mati ya tsaya ya ce, "Af, Malam, dama yaron nan nawa ne ya rufe mini rumfa, wai na tsufa in huta. Wallahi ban san inda zan sa hannuwana ba. Ko barci ba na yi."

Kafin Cindo ya haɗa leɓɓansa, majalisa ta yi masa kwanton ɓauna.

"Ka yi kiwon tantabaru!"

"Ina! Ka kai ƙarar yaron wurin kawunsa!"

"Zo nan, Baba Mati, ka riƙa fifita mini wuta," in ji Sallau, ya miƙa masa mafici da kofin shayi.

Mati ya zauna a tsakiyarsu, ya karɓi mafici, yana fifita yana ba da labarin rumfarsa tun daga farko, har aka ga haƙoransa. Sadauki yana tsaye a titi, "Uhm" ɗinsa na ƙarshe maƙale a baki, a bayansa kuma labulen zaure ya motsa, alamar Hajiya ta ji komai, ta kuma ga inda aka faɗe shi.

Sallau ya ɗaga butar shayi sama, ya tsiyaya, ya dubi zakin, ya dubi kujeru biyun da ke ciki, ya ce, "Ni kam Malam Cindo, tunda a waje ake faɗin maganar, shi ɗakin na mene ne?"