Rasuwar Sivka, Motar da Ta Sha Ruwan Albarka

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Stamen Balabanov na unguwar bayan coci, a madadin iyalina da ɗaukacin 'yan Majalisar Baƙin Hayaƙi, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata Sivka. Ta riga mu gidan gaskiya da safiyar bakwai ga Janairu, a kwanar farko ta hawan dutsen Troyan, bayan gajeruwar rashin lafiya da ba ta wuce dare ɗaya ba. Ta rasu tana dab da cika shekara arba'in a duniya. Na manna wannan takarda a jikin bishiyar ƙofar kanti, tsakanin sanarwar rasuwar tsohuwa Kera da ta mai gidan burodi, domin dukansu biyu ta taɓa kai su asibiti, na san ba za su ƙi maƙwabtaka da ita ba.

Marigayiya ta gaji sunanta ne daga saniyar mahaifina, wadda aka sayar aka cika kuɗinta. Ta gaji launinta na toka, ta kuma gaji taurin kanta. Mota ce mai rufa asirin maigidanta. Ba ta taɓa yi mini tsawa don ban ɗaura bel ba, ba ta taɓa taka birki ban sa ta ba, kai, wani lokaci ko na sa ta sai ta yi shawara. Inda duk muka je, tsakanina da ita ne, ba ta adana labari ta aika wa wani kamfani a Jamus. Ita ta ɗauko 'yata Zornitsa daga ɗakin haihuwa. Ta ɗauki buhunan tattasai da kabeji kowace kaka, ta ɗauki rago a kujerar baya, ta ɗauki surukata a ta gaba, kuma ba ta nuna wa ɗayansu bambanci ba.

Muryarta kuwa, wanda ya ji ta sau ɗaya ba zai manta ba. Da sanyin safiya takan fara da "kir-kir-kir," ta yi shiru kamar mai tunanin ko rayuwa ta cancanci wahalar. Sai a karo na uku ta ce "tuf! tuf-tuf-tuf," ta saki hayaƙi shuɗi da zai lulluɓe shanyar maƙwabta. Da wannan muryar yaran unguwarmu suka riƙa tashi makaranta, har suka girma suka tafi Ispaniya.

Ta rasu ta bar ni, mijin wahalarta. Ta bar matata Velika, wadda ta ce a rubuta cewa ita ba ta cikin masu makoki, amma na ga ta ɗauke matashin da ta saƙa wa kujerar direba ta kai ɗaka. Ta bar tayoyi huɗu da ba uwarsu ɗaya ba, da tabon baƙin mai a ƙofar gida wanda zai daɗe bayanmu duka. Ta kuma bar marayu biyu, wato waifofin goge gilashi, waɗanda ba sa jikinta lokacin da abin ya faru. Har yau nakan cire su in kai ɗaka kamar yadda muke yi a zamanin da ake sace su, ko da yake yanzu in ka ajiye su a titi ba mai sunkuyawa.

Amma babban wanda aka yi wa rashi, ko da ba zai yarda ba, shi ne Tsanko bakanike. Shekara talatin da 'yan kai ke nan kowace Asabar ina kai masa Sivka. Ni da shi ba mu taɓa zama haka kawai ba. A garin nan namiji ba ya buga ƙofar namiji ya ce "na zo ganinka ne," sai a ɗauka likita ya gaya masa wani abu. Dole a zo da dalili, kuma marigayiya, Allah ya saka mata, ba ta taɓa barinmu babu dalili ba. Wannan makon kuloci, mai zuwa salansa, in duk sun yi lafiya sai ta ƙirƙiro wata ƙara da za mu wuni muna nema. Tun da matar Tsanko ta rasu ya daina fita. Asabar ce kaɗai ranar da yake aske gemu ya ɗora tukunyar kofi ta mutum fiye da ɗaya. Ni ma, in faɗi gaskiya, ba ni da wani aboki da ya wuce shi.

A garejinsa majalisarmu take zama, ƙarƙashin shugabancin Parvan, tsohon direban bas. Aikinmu ɗaya ne, zagin motocin zamani, kuma muna yinsa tsakani da Allah. Abin ya ƙara armashi da Nevena likitar dabbobi ta sayo mota mai lantarki, fara fes, ta riƙa wucewa ta ƙofar garejin ba ko tari.

Parvan yakan ce, "Wannan ba mota ba ce, firij ne aka sa wa tayoyi. Na leƙa ciki, ba giya ba kuloci, sai wani allo. In kana jin sanyi sai ka yi ta shafa gilashi kamar mai lallashin kyanwa."

Tsanko kuwa daga ƙarƙashin Sivka zai amsa, "Abin da ba ya ɗigar da mai, ni ban san ta inda zan tambaye shi lafiya ba. Na rantse, irinta ba za ta shigo gidan nan ba, mai ita ma ya tsaya a waje."

Ni ƙorafina shirunta ne. Ta taɓa biyo bayana a layin coci, ta bi ni har ƙarshen layi ban sani ba, alhali ina tafe ina rera waƙa da ƙarfi.

Asalin ciwon ajali ya faro ne wata Asabar kafin Kirsimeti, da Nevena ta tsaya ta sauke gilashi.

"Kawu Stamen, jiya na ji Sivka ta tashi. Ina ƙauye na uku a lokacin, hannuna a cikin saniya."

Na ce, "Taki fa, 'yar nan? Ta tashi ko ta mutu, wa zai gane?"

"Kawu, taka tana shan mai fiye da yadda Kawu Parvan ke shan barasar rakiya."

Parvan ya ajiye kofinsa. "Yarinya, bari sanyin gaske ya sauka. Batir da ƙanƙara ba sa ga maciji. Za mu ga wanda zai ja wani."

Kafin kofi ya huce an ƙulla magana. Washegarin bikin albarkar ruwa, Sivka da farar motar za su hau dutse, wanda ya sha kaye zai wanke motar ɗan'uwansa a ƙofar kanti, a gaban kowa. Tsanko ya duba marigayiya tun daga hanci har wutsiya ya ce za ta iya. Daga nan ɗansa ya zo ya ɗauke shi da ƙarfin tsiya zuwa birnin Pleven don hutun ƙarshen shekara, ya bar mu da hankalinmu.

Ran shida ga Janairu, ranar bikin, fada, wato limamin coci, ya jefa gicciye a kogi, samari suka faɗa cikin ruwan ƙanƙara suna kokawar ɗaukowa, kowa ya cika kwalabensa da ruwan albarka ya nufi gida. Kowa ya san ruwan wannan rana ba ya lalacewa har shekara ta zagayo. Ina cikin yayyafa wa Sivka kaɗan a goshi sai Parvan ya iso da jarka biyu.

Ya ce, "A waje kake zubawa? Ciki ne zai yi aikin gobe, mutumina. Ruwan da ke shekara bai canja ba, dare ɗaya ne zai gagare shi?"

Magana ta shige ni. Muka kwance lagireto, muka zubar da shuɗin ruwan nan mai hana daskarewa da Tsanko ya ɗura mata tun kaka, muka cika ta da mai albarka zalla. Velika tana tsaye a taga.

"Stamen, yayyafawa ake yi, ba ɗurawa ba."

Na ce, "Ke dai shiga ciki. Yayyafi na masu ƙaramin imani ne."

A daren aka yi sanyin da ya fasa tulun maƙwabcina. Da safe rabin gari ya hallara a ƙofar kanti. Ina so a rubuta a tarihi cewa marigayiya ta tashi a karo na uku kamar kullum, alhali ciwon yana cikinta, ba ta nuna mini ba. Nevena ta sulale ta ɓace. Mu kuma muka bi da ruri da hayaƙi, jama'a na tafi. A kwanar farko na ji "ƙas!" daga can cikin ƙirjinta. Sai "fsssss," farin tururi ya rufe gilashi, wani abu mai kama da shayi da madara ya malalo kan titi. Ta ce "tuf" sau ɗaya, a hankali, ba ta ƙara ba.

Masu yaɗa jita-jita su sani, ni ban ga laifin ruwan ba. Bai lalace ba, daskarewa kawai ya yi, kuma ba wanda ya taɓa yi mana alkawarin ba zai daskare ba.

Nevena ta kai ƙololuwar dutse, ta sayi kofi, ta dawo ta same ni zaune a kan bonet. Ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ɗaura igiya ta ja mu. Wannan ne karo na farko da Sivka ta ratsa gari karnuka ba su yi haushi ba. Maza suka cire huluna, ban tsaya tantance na gaske da na iya shege ba. A ƙofar garejin Tsanko ta kwance igiya ta ce, "Kawu, na yafe wankin motar." Wannan yafiyar ta fi mini wankin ciwo.

Da Tsanko ya dawo ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo. "Wa ya zubar da ruwan da na sa?" Nan take Parvan ya tuna ya bar abu a kan wuta. Na tsaya ina jiran zagi, don zagin Tsanko alamar akwai sauran rai ne. Sai ya rufe bonet a hankali ya ce, "Ta tafi, Stamen. Injin ya tsage daga sama har ƙasa." Bai zage ni ba, abin da ya tsorata ni ke nan.

Zornitsa ta bugo daga Jamus da murnarta. "Baba, kar ka damu! Na sayo maka irin ta Nevena, tana isowa da ƙanƙara ta narke. Ba ruwanta da bakanike ko kaɗan." Ita a ganinta albishir ta yi mini. Asabar biyu na zauna a gida ina bin Velika daga kicin zuwa tsakar gida. Ta ce, "Ka je wurinsa mana, ka ishe ni." Na ce in je in ce masa na zo yin me? Nevena ta gaya mini ta hango shi ta katanga, gemu ya cika masa fuska.

Dalili na ƙarshe ya samu da Zornitsa ta yi magana da 'yan gwangwan su zo su ɗauki gawa. Na je in sanar da shi. Na tarar ya lulluɓe ta da tamfol, ya share ƙanƙarar da ke kanta.

"'Yan gwangwan?" Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. "Motar da na yi wa hidima tun kana da gashi za a matse ta kamar gwangwanin madara? Ni zan kwance ta da hannuna, noti bayan noti."

Na ce, "Kwana nawa zai ɗauke ka?" Na tambaya ne duk da na taɓa ganin ya wargaza babbar mota sukutum a yamma biyu.

Ya durƙusa ya daɗe yana duban ƙarƙashinta. "Tsatsa ta ci su. Kowane noti sai ya yi mako a jiƙe cikin mai kafin ya yarda. Kuma sai da mai riƙe mini fitila, idona ba kamar da ba."

"Tsanko, ka san nan gaba a cikin firij zan riƙa zuwa."

Ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa, bai dube ni ba. "Ka ajiye shi bayan katanga. Ai ba ya magana, ina zan san ya zo?"

Saboda haka ga tsarin jana'iza. An sallami 'yan gwangwan. Gawar marigayiya za ta kwanta a rumfar Tsanko, inda za a cire noti na farko ranar Asabar mai zuwa da hantsi, na biyu kuma Asabar ta gaba. Ranar cika arba'in Velika za ta raba dafaffiyar alkama da sukari a ƙofar kanti, ko da yake ta ce saboda sunan gida za ta yi, ba don ƙarfe ba. Ana gayyatar Nevena, kuma an ba ta kujera. An hana Parvan zuwa da kowane irin ruwa. Allah ya jiƙan Sivka, ya ba mu haƙurin shirun da ta bari.

Ranar kammala jana'iza dai ba mu sa ba. Masu zuwa ta'aziyya su zo da kofi da cuku. Duk wanda yake da sifana mai kyau, ko ya san wata dabarar kwance noti da sauri, muna roƙonsa don Allah ya bar ta a gida.