Rijiyar da Na Haƙa wa Kakanmu a Salaga

Ba zan taɓa mantawa ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta, da ranar da na tsaya kare kundin digirina na biyu. Bincikena a kan fataucin goro ne daga Salaga zuwa Bawku ta hanyar Yendi, kuma babi mafi tsoka a kan kakan babana ne, Madugu Isa. A gidanmu na Yendi kowa ya haddace labarinsa daga bakin Hajiya, kakarmu, amma jami'a ba ta karɓar "in ji Hajiya". Farfesan da ke duba aikina ya ce in kawo rubutacciyar hujja, ko in cire babin.

Sai wani aboki ya nuna mini sabuwar manhajar binciken nan, wadda za ka tambaye ta ta ba ka amsa har da inda ta samo. Na rubuta sunan Madugu. Kafin in gyara zama ta jero mini: shi ya ja ayari zuwa Bawku, shi ya haƙa ɗaya daga cikin tsoffin rijiyoyin Salaga, ga majiyoyi reras a ƙasa. Har ƙwalla na yi. (Majiyoyin kuwa ban buɗe ko ɗaya ba, adireshinsu kawai na kwafe, ina jin kaina shehun malami.) Na fasa zuwa Yendi ɗaukar muryar Hajiya, tunda ga intanet ta san komai. Na kira Baba na ce duniya ta san kakanmu. Duk wanda ya tsaya a rumfarsa a kasuwa sai da ya ji, ranar kare kundin kuma ya biyo mota zuwa jami'a da babbar rigarsa.

Cikin masu jarrabawar akwai wata malama 'yar Bawku. Ta ce a haska majiya ta farko a allo. Ashe daga ta biyu aka kwafo ta, ta biyun kuma daga ta uku. Ana buɗe ta ukun sai ga hotona, da baƙin tabarau, na jingina da babur ɗin wani, an rubuta "Jikan Madugu". Rubutuna ne na shafin sada zumunta tun ina sakandare, na manta da shi sam. Rijiyar ma ni na ƙara, don wani ɗan ajinmu ya ce kakansa ya gina masallaci.

Malamar ta ajiye Turanci, ta ce da Hausarsu ta Bawku, "Ɗana, wannan yaro da tabarau, shi ne hujja naka?"

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi mini ciwo. Aka ce in sake babin, in dawo baɗi.

A waje Baba ya tambaye ni a hankali, "To rijiyar fa?" Na ce, "Babu ita, Baba." Ya daɗe yana kallon takalminsa, sannan ya ce, "Na riga na gaya wa liman."

Hajiya ta rasu kafin in samu komawa da na'urar ɗaukar murya. Abin da na sani na gaskiya game da Madugu ya tafi tare da ita, ƙaryata ce ta rage, don har yau manhajar na cewa ya haƙa rijiya. Darasin da na samu shi ne, duk majiyar da aka ba ka, buɗe ta tun kana kai kaɗai a ɗaki. Wataƙila kai ne a ciki, da tabarau.