Wayar da Ke Rusuna wa Motar Katifa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Wutar Lantarki, uban turaku da wayoyi, Allah ya ƙara maka haske.

Bayan gaisuwa da fatan ofis da sanyi, na rubuto ne in yi godiya kan sabuwar wayar da kuka ja ta saman ƙofar kasuwarmu.

Na ɗaya. Tsohuwar ta jan ƙarfe ce, har ta tsufa tana miƙe. Kuka sauke ta don kada ɓarayi su sha wahalar hawa. Kuka kawo ta alminiyon, fara sol, ga kauri. Mu 'yan kasuwa da ido muke sayen kaya, sai muka hau tafi, har da saya wa ma'aikatanku ruwan sanyi.

Na biyu. Maƙwabcina mai tukwane ya tsinci guntunta ya warware. Ya ce in turaku sun yi nisa da juna, ana sa wa irinta zaren baƙin ƙarfe a ciki ya riƙe ta. Tamu fayau take. Ranka ya daɗe, ko ƙashin bayan nata yana tafe a wata motar?

Na uku. Ban taɓa ganin waya mai ladabi irin wannan ba. Da safe tana can sama. Rana na yin zafi sai ta fara rusunawa, kafin la'asar ta kusa durƙusa wa manyan motoci. Wa ya yi mata tarbiyya?

Na huɗu. Kun sama wa yayana aiki. Shi ke tokare ta da busasshiyar gora idan motar katifuna za ta shiga. Na zaɓe shi ne don ya fi kowa tsawo, kuma ba ya musu. Yanzu matarsa ko gaisuwata ba ta amsawa. Ta ce damina ta ƙarato, gora za ta jiƙe, kuma in wuta ta ja shi, 'ya'yansa ni zan riƙe. Na duba ɗakina, ba zai ɗauke su ba.

Ba cewa nake a canja waya ba, wane ni! Roƙona kawai, ranar da hadari ya haɗo, ka daure ka leƙo. Yaya ya ce zai miƙa maka gorar ka ɗan riƙe, shi ma ya ja baya ya ga kyan aikinku daga nesa.

Naka mai biyayya, wanda ya fi wayarku rusunawa,
Mai Katifa na bakin ƙofa