Ranar da Na Rungumi Kwamfuta Har Ajingi

Ba zan taɓa mantawa da muryar Hajiya Talatu a waya ba, ranar wata Alhamis da hantsi, tana magana cikin fara'a. Gwaggon wata amarya ce da muka ɗauki hotunan bikinta, ta kira ne don ta yaba aiki. Da ta gama yabon 'yarsu sai ta ce, "Ashe ku kuka ɗauki bikin yarinyar nan ta garin Balan? Gashi har gadon baya, ma sha Allah."

Na ce eh, mu ne. Sai da na rufe baki na tambayi kaina: a ina ta ga gashin amaryar Balan?

Bari in koma baya kaɗan. Tun da na gama sakandare nake aiki a shagon hoton Anti Hadiza a Gaya. Mata zalla muke ɗauka: ranar lalle, kamu, wunin cikin gida, inda ake ajiye mayafi a gefe a cashe. Ana kiranmu ne saboda an san idon namiji ba zai sauka a kan hoton ba. Ko ƙanin Anti, Malam Nura, da yake zuwa daga Kano ya duba mana na'urori, kau da kai yake yi in za a buɗe folda.

Shekara da shekaru hotunan suna cikin wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin tebur. Da ta fara ƙugi kamar injin markaɗe, Malam Nura ya ce a kwashe komai a kai rumbun ajiya na intanet, wanda shi yake kira kilawud, kafin ta mutu da bukukuwan mutane a cikinta. Asabar biyu ya yi yana aikin. Ya sa lambar sirri doguwa, ya haɗa ta da wayar Anti, ya ware wa kowace amarya foldarta a cikin babbar folda guda, ya ce a bar tsohuwar kwamfutar a ajiye har a tabbata komai ya haura. Sannan ya zaunar da ni. Ya ce in zan tura wa amarya hotunanta, foldarta kaɗai zan tura, kuma ta imel ɗinta, kada in kuskura in taɓa zaɓin da ya ce duk mai linki zai iya buɗewa. (Na rubuta wannan a littafi da jan biro, har na ja masa layi biyu. Littafin yana cikin jakata lokacin da na yi ɓarnar.)

Da safiyar Alhamis ɗin Hajiya Talatu ta shigo shago da kanta, Anti kuma ta tafi aikin wani biki a Ajingi. Na tambaye ta imel. Ta ce ita ina ta san wani imel, in turo mata a waya kamar yadda kowa yake yi, mota tana jiranta. Mace ce da ta girmi mahaifiyata, tana tsaye a kaina tana kaɗa makulli. Na danna zaɓin da aka hana ni. Kuma garin sauri, maimakon foldar 'yarsu, babbar foldar na danna. Amare na shekaru, da ƙawayensu, da iyayensu mata, duk na miƙa su a layi ɗaya.

Duk wannan ya faɗo min ina riƙe da waya a kunne. Ita kuwa ta ci gaba, ta ce da zarar ta ci abinci za ta jefa linkin a gurup ɗin dangi, don na nesa su ma su gani. Na san irin gurup ɗin nan: kawunnai, surukai, abokan ango, har da wanda ba a san wa ya sa shi ba. Kun san me na ce mata? Na ce, "To, Hajiya." Ta kashe.

Na kira ta nan take, waya a kashe. Na sake, haka. Na kira Anti, tana ta ringi ba a ɗauka (in tana aiki jaka take jefa ta). Na kira Malam Nura sau huɗu, shiru. Na kalli allon sabuwar laftof ɗin shago, rubutun yana rawa a idona, na kasa gane ko harafi ɗaya. Abin da nake gani kawai shi ne fuskar mijin amaryar Balan yana tsaye a ƙofar shagonmu, da Anti tana rufe shagon da ta gina da hannunta, da mahaifina ana nuna shi a masallaci.

Sai dabara ta zo min. A da, in muka kashe kwamfuta muka sa kwaɗo a shago, shi ke nan, babu mai ganin komai. Na kashe laftof. Na zare na'urar intanet daga bango. Sai idona ya sauka a kan tsohuwar da ke ƙarƙashin tebur, na ce ai daga cikinta hotunan suka fito, lalle linkin daga nan yake janyo su kamar yadda famfo yake jan ruwa daga tanki. Na tsige duk wayoyin da ke bayanta. Na ji tsoron kada wani ya shigo ya mayar, don haka na naɗe ta a zanin sallata, na rungume, na tare ɗan acaɓa na ce Ajingi.

Hanyar nan ban san yadda muka yi ta ba. Kusurwar ƙarfen tana sukar haƙarƙarina, ina karanta duk addu'ar da na iya, ina lissafin ko Hajiya Talatu ta gama cin abinci. Ɗan acaɓan ya tambaye ni sau biyu ko asibiti za mu, na ce ya dai yi sauri.

Na shiga gidan bikin ana tsakiyar wuni, tsakar gida cike da mata. Wata tsohuwa ta hango ni da ƙunshi a ƙirji, ta ɗaga zanin ta leƙa, ta rangaɗa guɗa, ta sanar wai an kawo wa amarya gudummawar kwamfuta. Aka buɗe min hanya har gaban amarya. Anti ta sauke kyamara tana kallona. Na durƙusa, ƙura har girata, na faɗa mata abin da na yi, ina zaton a hankali nake magana. Ashe mai kiɗan ƙwarya ta tsaya, kowa yana ji. Na ƙarasa da cewa, "Amma kada ki damu, Anti, na ciro su gaba ɗaya. Ga su nan a hannuna, babu wanda zai ƙara gani."

Anti ta ciro wayarta daga jaka, ta ce in turo mata linkin. Ta danna. Ta juyo min da allon: ga foldoji nan reras, kowace da sunan amaryarta.

"Ƙanwata," in ji ta, "wannan da kika rungumo, fanko ce a wajen mai linki. Hotunan da yake gani ba sa Gaya, suna kilawud."

Wata daga baya ta tambaya ko dai a mayar da guɗar. Aka yi dariya, amma gajeriya, domin rabin matan da ke wurin mun taɓa ɗaukar su. Na ga fuskoki suna canzawa ɗaya bayan ɗaya. Uwar amarya ta jawo mayafinta ta rufe kai, ta tambayi Anti ko nasu ma haka za a yi da shi.

Anti ta shiga rumbun daga wayarta, ta sa lambar da aka turo mata, ta rufe linkin. Ko minti biyu ba ta yi ba. Ta miƙa wa uwar amarya wayar ta ce ta gwada da kanta, aka danna, ya ƙi buɗewa. Amma ta ce min rufewa ba ta goge abin da aka riga aka sauke, sai an bincika. Ta koma aikinta, domin biki ba ya jira. Ni kuma aka ba ni tabarma a bakin rumbun hatsi, ni da kwamfutata. An kawo min shinkafa, ban iya taɓawa ba. Duk matar da ta wuce sai ta dube ni, ta dubi ƙunshin.

Sai bayan la'asar Malam Nura ya kira, ashe yana wajen taro ne. Anti ta sa shi a sifika. Ya ce ya duba bayanan shiga: kafin namu na Ajingi, waya ɗaya ce kawai ta buɗe linkin, kuma ba a sauke hoto ko ɗaya ba. Muna cikin haka Hajiya Talatu ta kira da kanta tana mita, wai cajinta ne ya ƙare tun hantsi, yanzu ta kunna za ta tura wa dangi, abu ya ƙi buɗewa. Anti ta lallaba ta tambaye ta ko ta ɗauki hoton allo. Ta ce ita ba ta ma san ana yi ba.

Anti ta ajiye waya ta ce, "Tashi ki yi salla. Babu abin da ya fita."

Na tashi na ɗauro alwala. Anti ba ta kore ni daga aiki ba, amma an rage min iko a rumbun, yanzu ko na so ba zan iya tura babbar folda ba, kuma wallahi na fi kowa murna da hakan. Har yau in wayar shago ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Abin da na koya shi ne, in babba ya tsaya a kaina yana sauri, gara in ba shi kujera da haƙuri, ya tafi yana cewa ba ni da kunya. Rashin kunyar minti biyar ya fi sauƙin ɗauka a kan kwamfuta, na auna su duka biyun.