Karan Awon Kawu Barmo

A ƙauyen Tudun Kuka akwai wani mutum, Jatau, wanda duk abin da aka ce ya yi haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Ya haura talatin, ba mata ba sana'a. Dangi duk sun gaji da shi, sai kawunsa Barmo mahauci da matarsa Tabawa suka riƙe shi. Shi Barmo mutum ne mai son kitse da fura mai sukari, tun da ya sami yaran shago kuma ya daina tashi daga gado. Ƙiba ta kai shi ga sai ya karkace kafin ya fita ƙofar ɗaki. In yana barcin rana numfashinsa kan tsaya cik, gidan ya yi tsit, can sai ya ja shi da gurnani. Wannan shirun na tsorata Jatau, don ya san in Kawu ya tafi ba shi da kowa.

Wata rana malamar asibiti ta zo ta auna jinin Barmo, ta ce ya hau, ga sukari, zuciyarsa kuma ta gaji da ɗaukar kaya. Barmo ya yi dariya. Sai ta juya ga Jatau ta ce, "Abu uku. Kada kitse ya ƙara kwana a gidan nan. Kada ka bar shi ya wuni a zaune. Kuma ka riƙa auna shi duk Juma'a." Kafin la'asar Jatau ya kwashe kitsen gidan kaf ya shanya a kan katanga ta waje. Ungulaye suka sauko suka cinye, amma ba su tashi ba. Suka jeru a kan katangar, ba motsi, suna kallon ɗakin Barmo. Masu wucewa suka riƙa sauya hanya.

Wata rana kuma ya tuna da maganar zama. Ya kwashe kujeru da tabarmi da buzun salla, ya shimfiɗa su a ƙofar gida don kada Kawu ya sami abin zama a ciki. Dattawa na dawowa daga masallaci suka ga shimfiɗa, ga ungulaye a sama, sai suka cire takalma suka zauna shiru. Ɗaya ya ce, "Jatau, ya haƙuri?" Jatau ya ce, "Da godiya. Ai ya daɗe yana wahala." Daga ciki Barmo na tsaye dafe da bango, yana jin ana yi masa addu'ar gafara. Da ya leƙo, mutum biyu suka ruga suka bar takalmansu.

Wata rana Juma'a ta zo, sauran awo. Jatau bai taɓa ganin an auna mutum ba sai iri ɗaya: a kwance, da karan dawa, a kai wa masu haƙa kabari. Ya jira Kawu ya yi barcin hantsi, ya ɗora kara daga kai zuwa ƙafa ya karya. Ya ɗauko wani ya gitta a kan tumbi ya karya. Ya saɓa su ya nufi maƙabarta, can bayan fadama. A hanya mutane suka ga kara a hannunsa, suka tambaya na wane ne. Ya ce, "Na Kawu." Ba wanda ya yi mamaki. Suka ɗauko diga da shebur.

Tabawa ce ta ji labari a bakin rijiya, ta dawo ta tashi mijinta tana kuka. Barmo ya fusata, ya ɗauki sanda ya ce yau sai ya karya Jatau. Shekara uku rabonsa da wuce bakin kasuwa. Ya tafi yana haki, yana tsayawa, gumi na zuba, har ya isa. Masu haƙa suka gan shi tafe cikin farar riga, suka zubar da kayan aiki suka ja da baya.

Barmo ya tsaya a bakin ramin. Kusa da shi kaburburan tsaransa ne, sirara. Nasa kuwa kamar za a binne bijimi. Sandar ta faɗi daga hannunsa.

"Jatau, wannan faɗin duk nawa ne?"

"Naka ne, Kawu. Ban ƙara ko yatsa ba."

Mutane suka ce a mayar da ƙasa. Barmo ya ce a bar shi. Tun daga ranar kullum da safe yakan taka zuwa maƙabarta, ya duba ramin, ya dawo. Ya rage tuwo, ya koma ga zogale da wake, ya bar sukari, yana shan maganinsa. Duk Juma'a Jatau ya auna shi, ya rage kara, ya je ya cike gefen ramin daidai abin da ya ragu.

Bayan shekara gidan ya daina yin wannan shirun na tsayawar numfashi. Jatau ya zo da karan biyu, fuskarsa a dame.

"Kawu, na faɗi yana ta raguwa. Amma na tsawo ya ƙi."

Barmo ya karɓi dogon karan, ya daɗe yana dubansa, sannan ya soke shi a rufin zaure.

"Wannan ajiye shi za mu yi. Ranarsa na nan, amma ba ni zan kira ta ba."