Yadda Ake Ɗinka wa Taurari Riga da Miyar Suruka

Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na ba ka wata uku: masu manhajar yawon sararin samaniya za su riƙa neman ka da kansu, surukinka kuma zai san ainihin aikin da kake yi. Duka biyun na gwada su a kaina, babu wanda bai tabbata ba.

Sunana Pyo Jae-uk, na yi shekara shida ina wannan sana'a a birnin Daejeon. Ka dai san manhajar, wadda mutum zai zauna a ɗakinsa da gajeren wando yana shawagi tsakanin taurari. To garken taurarin nan masu juyawa kamar faifai, tsirara suke fitowa daga hannun masu rubuta manhaja. Mu ne muke yin hoton da ake lulluɓa musu, shi muke kira riga.

Mataki na ɗaya: Ka auri 'yar mai gonar teku

Ba dole ba ne, amma yana sa himma. Surukina, Baba Gwak, yana da igiya ɗari biyu a cikin ruwa, a wani tsibiri kudu da garin Wando, inda yake noman ciyawar teku ta miya a jikin igiyoyin. Ba shi da ɗa namiji, bayansa kuma ya fara ba shi matsala. Duk zuwan da muka yi, ina gama durƙusawa na gaishe shi, tambayar ɗaya ce:

"Surukina Pyo, har yanzu ana zanen nan ne?"

Ka fahimci tambayar da kyau. Ba zanen yake tambaya ba, cewa yake yi yaushe za ka tattara ka dawo jan igiya. Ni kuwa na tsani ruwan sanyi, jirgin ruwa kuma amai yake sa ni. Matata Mi-ran a ce mata gobe za a koma tsibirin, yau za ta ɗaure kaya.

Mataki na biyu: Ka nemo ƙaryar da ba za ta shiga jirgin ruwa ba

Dattijon da ya tsufa cikin injina ba ya raina abu mai nauyi. Saboda haka ka ce masa aikinka ba ya yiwuwa sai kusa da babban madubin hangen taurari na birni, wanda ya fi gidansa girma, kuma hotunan da yake ɗaukowa sun fi ƙarfin wayar tsibiri. Ka faɗe shi kana kallon ƙasa, kamar abin yana damun ka.

Ni ban taɓa ganin madubin ba. Na dai taɓa wuce wani gini mai zagayayyen rufi a cikin bas.

Mataki na uku: Ka gwada da guminka

Ka ɗiga taurarin da hannunka, ɗaya bayan ɗaya, har wuyanka ya ƙage. Na yi shekara biyu a haka. Wani mai saye ya rubuto mini cewa garkena ya yi kama da ruwan wanki yana shiga magudana, ya kuma ƙara da cewa yana mini fatan alheri. Idan ka samu irin wannan saƙon, ka wuce mataki na gaba.

Mataki na huɗu: Ka shiga kicin

Mijin 'ya baƙo ne har ya mutu, ba ya shiga kicin. Zama yake yi a yanka masa kaza. Amma wata rana da tambayar Baba Gwak ta ishe ni, na ce ƙishirwa nake ji, na sulale can.

Inna, uwar Mi-ran, tana tsaye kan wata baƙar tukunyar ƙarfe da ta girme ni. Ta zuba man riɗi a miyar ciyawar teku, ta juya da ludayi, ta ɗaga. Man ya fashe ɗigo-ɗigo, dubbai, yana bin juyin ruwan a kan baƙin gindin tukunyar. Daƙiƙa biyu ya yi a haka. Abin da na kashe shekara biyu ina nema ke nan, ga shi a kan murhu kusa da tulun kimchi, kabejin nan nasu mai tsami da yaji. Raina ya ɓaci sosai, sannan na ciro waya.

Ga yadda ake ɗauka. Ka hau kujera, ka saita wayar daidai saman tukunyar, ka kashe fitilarta, ka jira ludayi ya fita. Tururi zai rufe maka gilashi, ka goge da gefen riga. Kada ka yi bayani, suruka za ta yi wa kanta.

"Baban Mi-ran, zo ka ga ɗan mutane," in ji Inna. "Shekara talatin da huɗu kana shan miyata, ko sannu ba ka taɓa ce mini ba. Shi har hoto yake mata."

Daga ranar cinyar kaza tawa ce, duka biyun.

Mataki na biyar: Ka kwashe albasa

Idan ka koma gida ka buɗe hoton a kwamfuta, abu na farko ka goge albasa. Masana suna iya yafe komai ban da albasa. Ka mai da koren ya zama shuɗi, ka dusashe gefen tukunyar har ya narke cikin duhu. Idan akwai ƙwayar tafarnuwa a tsakiya ka bar ta, ka ƙara mata haske, ita ce cibiyar garken. Tukunyar Inna tana da wani dogon karce a gindi, na bar shi ya zama layin ƙurar da ke ratsa taurari. Shi masu saye suka fi yabawa.

Kowace miya da irin garken da take bayarwa. Romon ƙashi yana ba da tsohon garke mai fari-fari, wanda ya gaji da juyi. Miyar kifi mai barkono tana ba da ja, irin wanda ake haifar sababbin taurari a ciki. Sannan ka raɗa masa suna da harafi uku da lamba huɗu, don babu mai yi wa lamba gardama.

Da haka na ɗinka riga arba'in da uku. Wani malamin makaranta daga wata ƙasa mai nisa ya rubuto cewa ya nuna wa ɗalibansa ɗaya daga ciki har ya yi hawaye. Miyar ranar haihuwar Mi-ran ce.

Mataki na shida: Idan aka ce ka nuna, ka ce batir ya mutu

Ni ban ce ba, shi ya sa nake gaya maka.

Bikin kaka ne. An gama gaisuwar kakanni, an ci an sha, Baba Gwak ya jingina da bango da matashi a bayansa. Ya ce likita ya ba shi damina ɗaya, bayan ita babu shi babu jan igiya.

"Surukina Pyo, yau ka nuna mini aikin madubin nan. In na ga abu ne da ba ya yiwuwa a nan, na rabu da kai, in sayar da igiyoyin wa maƙwabcinmu Malam Eom, in huta. In kuwa yana yiwuwa, ɗakin Mi-ran yana nan, an ma sake masa takardar bango."

Na haɗa kwamfutar da babbar talabijin ɗin falo, na ɗauke shi muka bar duniya. Muka wuce wata, muka wuce rana, muka doshi garken da na fi alfahari da shi har ya cika bangon. Dattijon ya gyara zama. Ya ƙura wa bangon ido.

"Duk wannan a sama yake?"

"A sama yake, Baba."

"To ai wannan ba aikin tsibiri ba ne," ya faɗa a hankali. Na ga ya kalli tafin hannunsa. Tausayinsa ya kama ni, amma ba har ya kai in buɗe baki ba.

A daidai nan Inna ta shigo da farantin 'ya'yan itace da wuƙa.

Mataki na bakwai: Kada ka danna na gaba

Ta tsaya a tsakiyar falo, ta karkata kai.

"Wannan ai tukunyata ce."

"Haba Inna, tafiyar shekara miliyan ce daga nan," na ce.

"Ko biliyan ce. Ka ga ya juya hagu, duk tsibirin nan ni kaɗai ce bahaguwa. Wancan karcen kuma maigida ne ya yi shi da wuƙa, shekarar da na haifi Mi-ran, ya ce zai dafa mini shinkafa ya ƙona." Ta nuna tsakiyar da bakin wuƙa. "Ga tafarnuwa ma."

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni na danna na gaba, don ta ga wani daban.

"Wannan ta kifi ce, ranar da gishiri ya yi yawa."

Na sake dannawa.

"Romon ƙashi. Bara, da ƙanwata ta zo."

Mi-ran ta kifa fuskarta a kan matashi, kafaɗunta suna rawa. Baba Gwak bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ɗauki yanki ɗaya daga farantin, ya tauna a tsanake.

"To ashe madubin yana kicin ɗinmu. Me kake yi a Daejeon?"

Inna kuwa tambaya ɗaya ta yi, mutum nawa suka ga hoton. Na ce ana sayen shi a ƙasa talatin da wani abu. Ta ajiye wuƙar, ta koma kicin, ba ta sake fitowa ba sai da yamma.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka bayan karanta wannan, babu ruwana. Ban san ka ba, ban san surukarka ba, ban kuma ce ka hau kujerar kowa ba. Mai ƙorafi ya same ni a tsibiri, igiya ta tamanin zuwa ta ɗari da ashirin, ya taho da safar hannu.

Kada kuma ka ce ai na samu sauƙi tunda na dawo kusa da kayan aiki. Mako guda bayan bikin, Inna ta ba mai sayen tsohon ƙarfe tukunyar. Ta ce ba za ta zauna mutanen ƙasa talatin suna cewa matar Gwak ba ta iya wankin tukunya ba. Ta sayo sabuwa, fara tas, wadda in ka leƙa fuskarka kake gani. Yanzu duk ranar Lahadi sai ta gyara gashinta, ta ɗaura sabon gyale, ta kira ni kicin, ta juya miyar a hankali don kada ta fantsama.

"Ɗauka yanzu, ɗana, ta yi kyau."

Ina hawa kujera in ɗauka. Jiya ma na ɗauka, na kai kwamfuta, na kwashe albasa, na mai da koren shuɗi, na zauna na dube shi da kyau. Miya ce.